Shatar Land Rover daga Nguroje zuwa Mayo Ndaga, abin da na gani da idona

Tun da na dawo daga Mambilla mutane ke ta tambayata wai ya hanyar take, da wace mota muka shiga ƙauyukan can ciki, kuma ko zan ba su shawara su je, shi ne nace bari in zauna in rubuta komai sau ɗaya, musamman akan mutumin da muka ɗauki shatar motarsa a Nguroje, don gaskiya shi ne rabin tafiyar in ma ba a ce dukanta ba. Ba zan kama sunansa ba, saboda akwai abubuwa biyu uku da ban ji daɗinsu ba kuma sai na faɗe su, amma bana so in taɓa wa bawan Allah abincinsa. Baba muke kiransa tun daga farko har ƙarshe, don ya haife mu dukanmu, shi kuma Malam yake ce min.

Mu huɗu ne, ni da ƙanena da abokaina biyu. Mun taso daga Jalingo bayan sallar asuba a Sienna, ƙarshen watan Oktoba ne, a ƙasa damina ta riga ta yi sallama amma a can sama ruwa bai ɗauke ba tukuna. Muka bi ta Bali muka wuce Serti inda hedikwatar gandun dajin Gashaka Gumti take, har muka isa Mayo Selbe, nan ne gindin dutsen. Daga nan sai hawa. Hanyar kwalta ce amma kwana kan kwana, ka gama wannan wata na jiranka, gefe ɗaya bangon dutse ɗaya gefen kuma rami wanda in ka leƙa sai cikinka ya juya, kunnuwa su toshe kamar kana cikin jirgi, kafin mu kai Maisamari kowa ya lalubo rigar sanyinsa. Tudun Mambilla yana cikin ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, Gembu ce hedikwata, kuma tsayinsa yana kai wajen mita 1,600 daga teku, shi ya sa sanyin wajen ba irin namu bane na hunturu mai ƙura da fasa leɓe, sanyi ne mai danshi da yake shiga ƙashi. Wannan hawan na kwalta ƙaramar mota ma tana yinsa in birkinta da lagiretonta lafiya lau suke. Abin da nake son magana akai yana farawa ne daga inda kwalta ta ƙare.

A Nguroje mai masaukinmu ya ce mana kai tsaye, ku ajiye Siennar nan a tsakar gida, in kun shiga da ita hanyar Mayo Ndaga a wannan lokacin sai dai ku baro ta can sai rani. Ya raka mu tasha da yamma. Wallahi ban taɓa ganin tsofaffin Land Rover da yawa a waje ɗaya ba kamar nan, irin waɗanda a Kano ko Kaduna sai dai ka gansu a bayan gareji ciyawa ta fito ta ƙarƙashinsu, amma a nan suna tsaye da ƙafarsu ana musu lodin buhunan masara da gishirin shanu da kwanon rufi da jarkokin mai. Ta Baba doguwar ce, mai inci 109 tsakanin tayar gaba da ta baya, samfurin da ake kira Series III wanda kamfanin ya ƙera daga 1971 zuwa 1985, kenan ko a shekarar ƙarshe aka yi ta toh ta girmi ƙanena nesa ba kusa ba. Bodinta alminiyom ne shi ya sa duk ruwan Mambilla bai cinye ta da tsatsa ba, sai dai ko'ina ya lotse, fentin asali ya tafi, shasin kuma an yi masa walda a wajen da na ƙirga sau uku da na durƙusa na leƙa. Ba gilashin gefe a baya sai tampol. Kujerun baya benci biyu ne suna kallon juna.

Mukai ciniki akan shata ta kwana biyu, zuwa da dawowa, mai a kanmu, abincinsa da na yaron motarsa a kanmu. Ba zan rubuta kuɗin ba don tun da aka cire tallafin mai a 2023 farashin irin wannan baya kwana biyu a waje ɗaya, in na faɗa wani zai je ya riƙe shi ya yi ta musu da direba a banza. Abin da zan ce kawai shi ne bai tsawwala mana ba, kuma bai ƙara ko sisi daga baya ba duk da wahalar da aka sha, wannan na yaba masa ƙwarai. Mun ba shi rabi a daren, mukai alƙawarin ƙarfe bakwai na safe.

Toh ga abu na farko da ya ɓata min rai. Bakwai mukai a tasha cikin wannan sanyin da hazo, Baba bai zo ba sai takwas da wani abu, da ya zo kuma sai aka shiga lodi, buhunan gishiri huɗu a ciki, wasu ƙullin kaya a saman rufi, ga mutum biyu a tsaye da jakunkunansu suna jiran a ce su hau. Nace Baba ai shata mukai da kai, ya haka? Yace Malam yi haƙuri, gishirin nan don amfaninku na sa shi, motar nan in bayanta ba nauyi rawa take a laka, tayar baya bata kama ƙasa. Mutanen kuma ɗaya tsohuwa ce da ta kawo jikanta asibiti tana son komawa gida, ɗayan malamin makaranta ne. Na tsohuwa ba wanda zai ce a'a, muka matsa mata ta zauna a gaba ma. Maganar gishiri kuwa daga baya na ga gaskiyarsa da idona. Amma na saman rufi na ƙi, nace sai an sauke, don ko ban san Mambilla ba na san mota mai tsawo in ka ɗora mata nauyi a ka tana saurin kifewa in ta karkata. Ya ɗan yi jim sannan yace wa yaron ya sauke. Abin da ya dame ni ba lodin bane, rashin faɗa mana tun daren jiya ne, da ya ce Malam zan sa kaza da kaza saboda kaza ba wanda zai hana shi. Tara ta wuce kafin mu bar gari, kuma wannan jinkirin shi ya sa ruwan la'asar ya same mu a hanya.

Farkon hanyar ba laifi, jar ƙasa ce a daddaɓe, kana tafiya tsakanin layin bishiyoyin turare da aka shuka, tuddai kore shar sun jeru har iya ganinka kamar an shimfiɗa musu darduma, shanu jajaye da farare a warwatse akai, ga rugage can nesa hayaƙi na tashi. Duk wanda ya ce maka Najeriya ba ta da waje mai kyau bai zo nan ba. Amma da muka fara nisa sai hanya ta fara nuna halinta.

Yadda zaizayar take a can daban ne da wadda muka sani ta yashi. Ƙasar jar laka ce mai danƙo, in ta bushe kamar siminti, in ta sha ruwa kuma kamar an shafa sabulu. Hanyoyin da yawa sun miƙe ne kai tsaye su hau tudu ba kwalbati ba magudanar ruwa a gefe, toh in an yi ruwa sai ya bi sawun taya ya gangaro da ƙarfi, sawun ya zama kwari, mota ta gaba ta zo ta ƙara tona shi, shanu su bi su tattake gefen, shekara biyu uku sai ka ga rami ya kai ƙugun mutum a tsakiyar hanya. Daga nan sai direbobi su kauce su buɗe sabon sawu a kan ciyawa, shi ma ya zaizaye, a sake kaucewa. Akwai tudun da na ƙirga tsofaffin sawu guda shida a jere, duk sun zama kwazazzabai jajaye kamar an yaƙushi dutsen da farce. Abin ya tsaya min a rai gaskiya, don mu ma da muka je yawon buɗe ido muna cikin masu ƙara tona shi, kuma mutanen ƙauyukan nan su ne za su kwana da matsalar, su ne masu ɗauko mai naƙuda a kan wannan hanya. A nan Baba ya burge ni, sau da dama akwai ciyawa mai laushi a gefe da zai iya bi amma sai ya zauna a tsohon sawu in dai yana biyuwa, na tambaye shi yace in kowa ya buɗe tasa hanya baɗi ina za mu bi, kuma makiyayar mutane ce.

Tuƙinsa a cikin kwarin nan abin kallo ne. Baya sa taya a cikin ramin, sai ya raba ƙafa, tayar dama a wannan gaɓa ta hagu a waccan, ramin yana wucewa ta ƙarƙashin cikin motar, kai da kake zaune a baya kana leƙowa kana ganin zurfinsa a tsakanin tayoyi. Inda ramin ya yi faɗin da ba zai rabu ba sai ya tsallaka shi a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, ba ya taɓa yarda tayoyin gaba biyu su faɗa tare. Kuma na lura manyan yatsunsa basa shiga cikin sitiyari, a kan baki yake ɗora su, yace motar ba pawa, in taya ta daki dutse sitiyarin kan juyo da ƙarfin da zai iya targaɗa maka yatsa.

Sai muka zo hawan da har yanzu in na rufe ido ina ganinsa. Tudu ne dogo, ƙasansa rafi, hanyar ta miƙe sama ta ɗan karya dama a wajen tsakiya, kuma daidai kwanar ruwa ya cinye rabin hanyar ya bar wani tudun laka mai sheƙi da duwatsu a cake. Baba ya tsaya a gindi ya kashe mota, bai ce komai ba ya sauka ya hau da ƙafa har kwanar, yana taka ƙasar da dunduniya yana dubawa, yaron na binsa, suka ɗauko duwatsu suka cike wani gurbi, ya dawo ya rage wa tayoyi iska kaɗan da ɗan tsinke. Yace kowa ya sauka sai tsohuwa, ku hau da ƙafa ku tsaya can gefe sama da hanya, kar wanda ya tsaya a bayan mota. A gaban motar akwai sanduna uku, babbar giya, da wata mai jan kai, da wata 'yar gajera mai kai ruwan ɗorawa. Mai ruwan ɗorawa in ka danna ta ƙasa tayoyi huɗu ke ja amma da gudun yau da kullum, ita yake amfani da ita tun da muka bar gari. Mai jan kan kuwa in ka jawo ta baya ita ce ogzilare, tana rage gudu ta ninka ƙarfi kuma tana sa tayoyi huɗu su ja da kanta. Ya jawo jar, ya sa giya ta biyu, ya taho.

Motar ta hau tana gurnani, laka na tashi, ta wuce rabi lafiya, tana isa kwanar sai tayar baya ta hagu ta faɗa gurbi, ta gaba ta dama ta ɗaga sama har ana ganin haske a ƙarƙashinta, tayoyi biyu suka shiga juyawa a banza, motar ta tsaya cak sannan ta fara zamewa baya a hankali. Ni dai salati kawai nake. Yaron motar nan, yaro ne da bai wuce sha takwas ba, yana gudu a gefe da weji a hannu, wani guntun icce mai kusurwa uku da ya sha duka har ya yi baƙi, kafin ka ce kwabo ya jefa shi a bayan taya motar ta dafe. Abin da na ɗauka Baba zai yi shi ne ya ƙara taka mai, irin yadda mu muke yi in mun maƙale a yashi, amma ko kaɗan, yace taka mai a nan tona kabari ne, taya za ta haƙa rami ta zauna akan ciki. Bai kuma yi ƙoƙarin juyawa ba, don in mota ta ba tudu gefenta a irin wannan waje kifewa za ta yi. Giyar baya ya sa, yaro ya zare weji, ya sauko da baya a miƙe injin na riƙe da motar har gindi. Nan suka ciro sarƙa daga ƙarƙashin benci suka ɗaura wa tayoyin baya, muka taya su jido duwatsu da rassan itace aka cike gurbin, aka matsar da buhunan gishirin nan suka koma daidai kan tayar baya. Karo na biyu ya ɗan ƙara gudu tun daga ƙasa, ya ɗauki kwanar ta sama, sarƙar na cizon laka kana jin ƙararta kaca kaca kaca, motar ta yi tangal tangal ta haye. Tsohuwar da ke ciki ko gezau, da muka iso muna haki tace sannunku 'ya'yana, ai yau hanyar da sauƙi.

Wani abu da mutane basa lissafawa shi ne a irin wannan tsayin iska ta fi siriri, injin da ba shi da turbo, wato na'urar da ke cusa masa ƙarin iska, yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 300 da ka hau, toh a Mambilla ka yi asarar wajen kashi 16 kenan tun kafin ka ɗora kaya. Injin motar nan asalinsa lita biyu da kwata ne kawai, ba wani babban abu ba, giyar ogzilare ce take rufa masa asiri. Mu ma da muka hau da ƙafa mun ji a ƙirjinmu.

Gangara ta fi hawa ban tsoro, wannan kowa a motar ya yarda. A hawa in abu ya ƙi sai ka tsaya, a gangara kuwa ƙasa ce take kiranka. Baba yakan tsaya a bakin gangaren ya sa ogzilare da giya ta ɗaya, sannan ya ɗauke ƙafafunsa duka biyu, ba kuloci ba birki, ya bar injin ya riƙe motar tana sauka kamar mai tafiya da ƙafa. Na tambaye shi me ya sa baya taɓa birki yace a laka in ka taka birki taya ta daina juyawa, tayar da bata juyawa kuma bata jin sitiyari, sai bayan motar ya zagayo gaba. Akwai inda ta fara zamewa gefe sai naga ya ɗan taɓa mai maimakon birki, ta dawo layi. Wannan ba abin da ake koya a makarantar tuƙi bane, shekaru ne.

Amma a nan ne kuma babban ƙorafina yake, kuma shi ne dalilin da ya sa ba zan ce wa kowa ya je ido rufe ba. Birkin motar nan ba shi da lafiya. Sau biyu a hanya aka buɗe bonet yaron ya ƙara man birki daga wata 'yar gora, kuma na lura in Baba zai tsaya sai ya taka sau biyu ko uku kafin ta kama. Da muka tsaya sallar azahar na zagaya na ga danshin mai a cikin tayar baya ta dama. Nace Baba birkin nan yana yoyo fa. Yace an sani Malam, roba ce, in mun koma za a canja, ai ni da giya nake tafiya. Eh da giya yake tafiya, na gani, amma ranar da giyar ta fice a tsakiyar gangara ko ƙarfen da ke kai ƙarfi taya ya karye, birkin nan ne kawai tsakanin mutum takwas da ramin. Roba ce da kuɗinta bai kai na buhun gishiri ɗaya ba. Ƙwarewa bata maye gurbin gyara, kuma na gaya masa haka a gaban yaronsa cikin ladabi. Ƙari akan haka ba bel ko ɗaya a motar, ƙofar gefen fasinja da igiya ake ɗaure ta, safaya taya kuma ta sha har zare ya fara leƙowa. Tayoyin da ke ƙasa dai masu manyan haƙora ne kuma da sauransu, wannan na duba tun a tasha.

Mun tsallaka rafuka da dama, wasu da gadar katako da yaron kan sauka ya gyara allunan kafin mu hau, wasu kuma ta cikin ruwan. Guda ɗaya ruwan ya kai kusan saman taya, yaron ya naɗe wando ya shiga da sanda ya auna ya nuna inda dutse yake, Baba ya shiga a hankali da gudu ɗaya bai canja giya a tsakiya ba. Da muka fito sai ya yi 'yar tafiya ƙafarsa na kan birki kaɗan kaɗan, yace birkin ganga ne, in ya sha ruwa baya kamawa sai ya bushe. A wurare biyu mun tarar da samarin ƙauye da fartanya da shebur suna cike ramuka, suka ɗaga mana hannu, Baba ya miƙa musu ɗan canji ya gaisa da su da Fulatanci, mu ma muka ƙara. Ku riƙe canji saboda wannan, ba roƙo bane, aikin da suke yi shi ne ya sa hanyar take biyuwa.

Ruwa ya sauko mana wajen la'asar, hazo ya rufe har baka ganin tudun gabanka, waifa ɗaya ce ke aiki, tampol na ɗiga a wuyanmu. Cikin wannan hali muka tarar da wata Hilux sabuwa fil ta zauna a kan cikinta a wani kwari, mutanenta a tsaye jiƙe sharkaf. Ba laifin motar bane, Hilux mota ce, amma tayoyin kwalta ne a ƙafarta kuma direban ya yi ta taka mai har ta haƙa wa kanta rami. Baba bai jira an roƙe shi ba, ya ce mana Malam ku yi haƙuri da minti kaɗan, a hanyar nan ba a wuce mutum. Ya zagaya ta sama ya ɗaura mata igiya a shasi, ya kori kowa daga kusa da igiyar, ya ja ta a hankali ba fizga har ta fito. Suka miƙo masa kuɗi ya ƙi karɓa, sai da suka matsa yace su ba yaron. Minti kaɗan ɗin nan ya kai kusan awa ɗaya amma ba wanda ya yi ƙorafi a cikinmu.

Mun shiga Mayo Ndaga gab da magariba, jikinmu duk ja da laka, ƙugu da gwiwa na ciwo saboda sifirin motar na ganye ne irin na babbar mota, duk dutsen da ta taka sai ka ji shi a kashin bayanka, wanda yake da ciwon baya ko mace mai ciki ban ba su shawarar benci na baya ba sam. Baba ne ya nema mana wajen kwana a gidan wani saninsa, aka kawo mana tuwon masara da miyar ganye da shayi mai zafi da madarar shanu, ga piya manya manya da ayaba kamar kyauta. Wannan baya cikin cinikinmu, shi ya ga dama ya yi. Da safe gari ya washe ya kai mu wani tudu a bayan gari ya nuna mana jerin duwatsun iyakar Kamaru, ɓangaren da Gangirwal yake, wanda ake kira Chappal Waddi, dutse mafi tsawo a Najeriya mai mita 2,419. Mota bata zuwa can, tafiyar ƙafa ce ta kwanaki da ɗan jagora kuma yana cikin gandun Gashaka Gumti ne sai da izininsu, mu dai daga nesa muka gaishe shi.

Dawowa ta fi sauƙi don an kwana ba ruwa kuma mun tashi da wuri, wannan karon shi ya riga mu fitowa. Laka ta ɗan yi tauri, sarƙa bata fito ba ko sau ɗaya, hawan da ya ci mana awa jiya muka sauko shi cikin 'yan mintuna da giya ta ɗaya. Har ya bar ƙanena ya riƙe sitiyari a wani fili mai faɗi ya gwada jan sandar ogzilare, yana gefensa yana cewa a hankali ɗana, kar ka yi faɗa da ita, bar ta ta tafi da kanta.

In za ka je, daga Disamba zuwa Fabrairu hanya ta fi daɗi, sai dai korayen tuddan sun bushe a lokacin kuma ana ƙona ciyawa, ƙura ta maye gurbin laka. In kai kaɗai ne ko ku biyu ba kaya, 'yan acaɓa sun fi sauri da arha, don babur yana bin bakin ramin da mota bata iyawa. In kuna da yawa kuwa shatar Land Rover ɗin ce, ku yi maganar lodi da fasinja da lokacin tashi a fili tun kafin ku ba da kuɗi, ku duba haƙoran taya da safaya, ku ce a nuna muku sarƙa da igiya da jak da weji, kuma ɗayanku ya zauna ya taka birkin da ƙafarsa ya ji ko yana kamawa a taku ɗaya. Ku cika tanki a Nguroje ku riƙe jarka, ku ɗauki tsabar kuɗi don sabis ɗin waya yana ɗaukewa a kwaruruka, ga rigar ruwa da takalmi mai kama ƙasa saboda za ku yi tafiyar ƙafa ko kun so ko kun ƙi.

Da muka iso tasha na cika masa ragowar kuɗinsa, na ƙara masa wani abu daban nace Baba wannan na robar birki ne, ba na cefane ba. Ya yi dariya yace toh Malam na ji, gobe zan kai ta Gembu. Na karɓi lambarsa don muna da niyyar komawa da rani mu shiga ɓangaren Dorofi, kuma shi nake so ya kai mu, amma kafin in tura masa ko kwabo sai na fara tambayarsa birkin nan, in mun isa kuma ni da kaina zan durƙusa in leƙa cikin tayar baya ta dama.